ZINARIYA DA DUWATSUN ADO A ƘASAR HAƊEJA: WA ZAI GAYA WA MAI SAYE ABIN DA YA SAYA?

A ƙasar Haɗeja, da zarar an kawar da amfanin gona, kuɗin shinkafa da na riɗi suka shiga hannun jama'a, sai hidimomin aure su kankama, tun daga cikin birni har zuwa Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori da Kirikasamma da Guri. A cikin kowane lefe da ake son a fita kunya da shi, bayan atamfofi da leshi da takalma, akwai ɗan ƙaramin akwati wanda idon dangin amarya yake kansa, watau na sarƙa da 'yan kunne da zobe. Akan ɗaga su a juya, a yaba, a tambayi kuɗinsu. Amma da wuya a sami mutum guda a cikin taron wanda zai iya cewa ga yawan zinariyar da ke cikin sarƙar, ko kuwa ga asalin jan dutsen da ke kan zoben. Ango bai sani ba, 'yan uwansa mata da suka je Kano suka sayo ba su sani ba, amarya ma haka. Wanda ya sayar kaɗai ake zaton ya sani, shi ma ɗin wani lokaci abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Da a ce kwalliya ce kawai, da maganar ba ta kai a tsaya a kanta ba. Amma a wannan yanki zinariya ajiya ce. Kogin Haɗeja, wanda ya samo ruwansa daga kogin Kano da na Challawa, shi ne arzikin ƙasar, shi ne kuma barazanarta. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 sun canja tafiyar ruwan, kachalla ta toshe hanyoyinsa a wurare da yawa, ga shi kuma an ga ambaliya mai tsanani a 2012 da 2018 da 2020 da 2022. Idan ruwa ya zo, rumbu yakan tafi, ɗakin ƙasa yakan zube, awaki sukan halaka. Abin da mace za ta ƙulle a bakin zane ta shiga kwalekwale da shi, shi ne ɗan abin da ke wuyanta da kunnenta. Saboda haka mata da yawa, musamman masu sana'ar cikin gida da masu adashi, sukan mai da abin da suka tara zinariya, ba su ajiye shi a takardar kuɗi ba.

Lissafinsu kuwa ba na banza ba ne. Har zuwa 1971 farashin oza guda na zinariya, watau giram 31.1, dalar Amurka 35 ne a hukumance. A watan Janairu na 1980 ya taɓa dala 850, a 2020 ya haura dala 2,000, sa'an nan a cikin 2025 ya wuce dala 3,000 a watan Maris, ya wuce 4,000 a watan Oktoba. A gefe guda kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga watan Yuni na 2023. Wadda ta ajiye zinariya ta fi wadda ta ajiye naira, amma da sharaɗi guda: abin da ta ajiye ya kasance zinariya ce, kuma irin wadda aka ce mata. Abin baƙin ciki shi ne ba a sanin haka sai ranar da aka kai ta kasuwa, ranar nan kuwa galibi ita ce ranar da ruwa ya ci gona, ko aka kwantar da yaro a asibiti.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Ƙasar fadamar Haɗeja yashi ce da laka da tabo, waɗanda suka taru a kwarin Chadi shekaru aru-aru. Ba a haƙo yaƙutu ko zumurrudu a irin wannan ƙasa, sai an nausa kudu inda manyan duwatsu suke. Don haka duk wani dutsen ado da aka taɓa ratayawa a wuyan 'yar Haɗeja baƙo ne, fatake suka kawo shi. Tun kafin jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya biyo ta Malam Madori, ayari yana kawo murjani daga Bahar Rum ta hamada, alhazai suna dawowa da aƙiƙ wanda asalinsa daga birnin Kambay na ƙasar Indiya yake, su kuma maƙeran duwatsu na Ilori suna fere jajayen duwatsun lantana, waɗanda fataken Hausawa suke kai musu ɗanyensu daga bakin kogin Kwara a cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Tsakiya da murjani da liyari, watau kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza wanda yake ɗauke da shekarar 1780, su ne dukiyar kakannin matan yau.

Jabu ma ba baƙon abu ba ne a wannan ciniki. A cikin ƙarni na 19 mutanen garin Idar-Oberstein na ƙasar Jamus suka shiga sayo aƙiƙ daga Brazil suna rina shi, suna fere shi daidai da fasalin da mutanen Afirka suke so, suka ƙwace kasuwa mai yawa daga hannun Indiyawa. Bayansu masu aikin gilashi na Bohemiya, a cikin ƙasar Cek ta yanzu, suka riƙa zuba narkakken gilashi a cikin mazubi suna fitar da kwaikwayon aƙiƙ ɗin da murjani a kan kuɗi kaɗan. Tsofaffin mata sun iya rarrabewa gwargwadon hali. Sukan ɗora dutse a kunci su ji sanyinsa, domin dutse na ainihi ya fi gilashi daɗewa da sanyi. Sukan duba bakin huda su ga ko zare ya cinye shi saboda daɗewa. Sukan goga lu'ulu'u a haƙori su ji ko yana da ɗan kaushi. Wannan ilmi ne na gaske, kuma ya yi musu amfani a zamaninsa.

Abin da ya rushe shi shi ne ci gaban kimiyya. A 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar narka gari a harshen wuta ya zama jan yaƙutu. Wannan dutse ba gilashi ba ne. Sinadarinsa da taurinsa da nauyinsa duk ɗaya ne da na yaƙutun da aka haƙo daga ƙasa, sai dai a masana'anta aka yi shi, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. A 1954 kamfanin General Electric na Amurka ya ƙera daimon. Daga wajen 1976 wani dutse mai suna zirkoniya, wanda masana kimiyya na Tarayyar Sobiyet suka gano hanyar yinsa da yawa, ya cika kasuwannin duniya, shi ne kuma mafi yawan fararen duwatsun nan masu walƙiya da ake gani a kan 'yan kunne. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da moisanait, wanda har na'urar gwajin daimon ta hannu mai aiki da zafi yakan ruɗa. Kunci da haƙori ba su da abin cewa a kan waɗannan.

Kada kuwa a ɗauka mutanen ƙauye kaɗai ake ruɗa. A goshin kambin sarautar Ingila akwai wani babban jan dutse mai nauyin karat kusan 170, wanda ya shiga hannun gidan sarautar a 1367, aka yi ɗaruruwan shekaru ana kiransa yaƙutu. Da ilmi ya ƙaru sai aka gane wani dutse ne dabam mai suna sifinel.

AIKIN MASANIN DUWATSU

Irin wannan ruɗani ne ya haifar da fannin ilmi na musamman da ake kira jemoloji, watau ilmin sanin duwatsu masu daraja. A Ingila ƙungiyar maƙeran zinariya ta fara shirin koyar da shi a 1908, ta ba da takardar shaida ta farko a 1913. A Amurka wani mai sayar da kayan ado, Robert Shipley, ya kafa cibiyar GIA a 1931, ita ce kuma ta shimfiɗa ƙa'idar da duniya take bi wajen kimanta daimon bisa abubuwa huɗu: nauyi, da launi, da tsabtar ciki, da kyawun yanka.

Masanin duwatsu ba ya dogara da launi, domin launi shi ne babban maƙaryaci a wannan sana'a. Jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu dutse ɗaya ne, ɗan gurɓin wani sinadari ne ya bambanta su. A ɗaya gefen kuma jajayen duwatsu iri biyar ko shida za su iya zama a faranti ɗaya ido bai raba su ba. Abin da yake nema shi ne siffofin da ba sa canjawa. Yakan fara da ɗan madubin hannu mai ƙara girman abu sau 10, ya leƙa cikin dutsen. Idan ya ga 'yan kumfa zagayayyu, to ya fara zargin gilashi. Idan ya ga layuka masu lanƙwasa kamar zoben da ke jikin kututturen itace, to yaƙutun masana'anta ne irin na Verneuil, domin na ƙasa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. Daga nan sai ya ɗora shi a kan na'urar da take auna yadda haske yake karyewa idan ya shiga dutse. Yaƙutu yakan nuna 1.76 zuwa 1.77, sifinel kuwa wajen 1.72. Sa'an nan ya auna shi a sikeli, ya sake auna shi a cikin ruwa, ya gane sau nawa ya fi ruwa nauyi: yaƙutu sau 4, daimon sau 3.52, ƙanƙarar dutse sau 2.65, zirkoniya kuwa kusan sau 6. Duk wannan ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma ba ya yi wa dutsen lahani.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da gwajin da ya fi yaɗuwa a bakin jama'a, cewa wai duk dutsen da ya karce gilashi daimon ne. Tun 1812 Bajamushen nan Friedrich Mohs ya jera duwatsu bisa taurinsu daga 1 zuwa 10. Daimon ne na 10, yaƙutu na 9, tofaz na 8, ƙanƙarar dutse na 7, gilashin taga kuwa wajen 5 da rabi yake. Watau ƙanƙarar da yara suke tsinta a bayan gari ita ma tana karce gilashi. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a kan wannan gwaji, wasu kuma sun lalata dutse mai kyau garin gwada shi.

Aiki mafi wuya shi ne gane dutsen da aka yi wa gyara. Mafi yawan shuɗin yaƙutun da ke kasuwar duniya an gasa shi a wuta domin launinsa ya gyaru, ƙasar Tailan kuma ta shahara da wannan. Zumurrudu akan shafa masa mai ya shiga tsagoginsa ya ɓoye su. Daga wajen 2004 aka fara ganin jan yaƙutu maras kyau wanda aka cike tsagoginsa da gilashi mai dalma, ya fito sumul, amma da ya gamu da wutar maƙeri ko ruwa mai tsami sai ya lalace. Ba laifi ba ne a sayar da irin waɗannan, laifin shi ne a ɓoye wa mai saye. Shi kansa masanin yana da iyaka: daimon na masana'anta na zamanin yanzu ba a raba shi da na ƙasa da madubin hannu, sai an kai shi babban ɗakin bincike. Masani na ƙwarai shi ne wanda zai ce wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsa.

LISSAFIN KARAT

Gaskiyar magana ita ce a Haɗeja da kewayenta daimon da zumurrudu ba su ne damuwar yawancin gidaje ba. Damuwarsu gwal ne, kamar yadda ake kiran zinariya a kasuwa. Gwada ƙarfe da sanin dutse fannoni biyu ne, amma a gari irin wannan mutum guda ne zai riƙe su duka, tunda a jikin sarƙa ɗaya suke haɗuwa.

Kalmar karat tana da ma'ana biyu, kuma ana yawan rikita su. A wajen dutse nauyi ce, karat 5 ne giram 1. A wajen zinariya kuwa tsabta ce. Zinariya tsantsa ita ce mai karat 24, amma ta cika laushi, don haka akan gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Mai karat 22 tana da zinariya kashi 91.6 cikin 100, mai 21 tana da 87.5, mai 18 tana da 75. Lambobin nan 916 da 875 da 750 da ake gani a jikin maɓallin sarƙa abin da suke nufi ke nan.

A ɗauka mace ta sayi sarƙa mai nauyin giram 20 a kan cewa karat 21 ce. Ya kamata a ce akwai zinariya tsantsa giram 17.5 a ciki. Idan ta tabbata karat 18 ce, giram 15 ne kawai. An rage mata giram 2.5, watau kashi ɗaya cikin bakwai na dukiyarta, alhali sarƙar zinariya ce ta gaske, ba ta dusashewa, ba ta sa ƙaiƙayi, babu abin da zai sa ta yi zargi har shekara goma. Wannan ya fi jabu tsantsa haɗari, domin farin ƙarfe ko tagulla da aka yi wa wankan gwal ba a daɗewa asirinsu yake tonuwa.

Akwai kuma asarar da ba ta buƙatar ƙarya ko kaɗan. Idan aka ɗora 'yan kunne masu duwatsu a sikeli ranar saye, nauyin zirkoniya yakan shiga cikin lissafi a farashin zinariya. Ranar sayarwa kuwa sai a ɓamɓare duwatsun ko a cire kimarsu, a kuma cire kuɗin ƙira. Zirkoniya dutse ne mai nauyi, saboda haka ragin ba ƙarami ba ne. Wadda take sayen gwal domin ajiya, mai ba ta shawara na gari zai ce mata ta nemi wanda ba shi da dutse, ba shi da ƙira mai yawa, ko da bai kai ɗayan kyau a ido ba.

Hanyar gwajin da maƙera suka gada ita ce a goga zinariyar a kan baƙin dutse, a ɗiga ruwan gwaji a kan zanen da ta bari, a ga ko zai cinye shi. Hanya ce mai kyau a hannun gwani, amma fatar ƙarfen kaɗai take gwadawa. Idan rufin ya yi kauri, sai an ɗan karta ciki. Maganaɗisu ma ba hujja ba ne, domin tagulla ba ta bin sa kamar yadda zinariya ba ta bin sa. Awo a cikin ruwa ya fi su tona asiri, tunda zinariya tsantsa ta fi ruwa nauyi sau 19.3, tagulla kuwa ba ta kai sau 9 ba, sai dai ba ya aiki a kan awarwaro mai rami a ciki ko abin da aka jera wa duwatsu. Akwai kuma na'ura mai aiki da hasken eksire wadda take karanta sinadaran ƙarfe cikin daƙiƙoƙi, ita ma ba ta shiga can ciki. Amfanin wanda ya yi karatun abin shi ne ya san inda kowane gwaji yake ƙarewa, ya haɗa biyu ko uku kafin ya yanke hukunci.

MAI SAYARWA SHI NE MAI GWADAWA

Ba a rasa gwanaye a ƙasar Hausa ba. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da zinariya, da manyan 'yan gwal na kasuwannin Kano, akwai waɗanda da sun ɗauki sarƙa a tafin hannu za su faɗi karat ɗinta, kuma da yawansu mutane ne masu amana waɗanda suka gaji abokan ciniki daga iyayensu. Matsalar ba ta rashin gwaninta ba ce. Matsalar ita ce duk wanda ya san abin yana da rabo a cikin cinikin. Ranar saye, mai gwadawa shi ne mai sayarwa, amfaninsa ne karat ya hau. Ranar sayarwa, mai gwadawa shi ne mai saye, amfaninsa ne karat ya sauka. Dillaliya da take shiga gida gida da kaya a cikin jaka, wadda ita ce kasuwar matan da ba sa fita, la'ada take ci, sai an yi ciniki take samu, kuma sau da yawa ita kanta ba ta da hanyar sanin abin da aka ba ta. Yanzu kuma ga cinikin waya ya shigo, ana ganin hoto a Facebook ko WhatsApp a tura kuɗi, wanda shi ne cinikin biri a sama na wannan zamani.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa maganin wannan shi ne a sami mutum na uku wanda ba ya saye ba ya sayarwa. A Ingila tun shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya yi dokar a gwada kayan azurfa a buga musu hatimi kafin a sayar, daga 1478 kuma aka kafa ofishin gwaji na dindindin a zauren maƙeran zinariya na London. Ƙasar Indiya, wadda matanta suke ajiye dukiya a zinariya kamar matan Hausawa, ta wajabta hatimin hukuma a kan kayan zinariya daga watan Yuni na 2021, ta fara da gundumomi 256. Lambar 875 da ke jikin sarƙar da aka saya a hannun dillaliya kuwa, kowa yana iya sayen ƙarfen buga ta.

Buƙatar mutum na uku ba a kasuwa kaɗai take ba. Idan mace ta rasu ta bar gwal da tsakiya da murjani, alƙali ko malamin da zai raba gado sai ya san kimar kowane abu kafin ya ba kowa rabonsa, kuma sau da yawa wanda ake kira ya yi kimar shi ne wanda zai saye kayan a ƙarshe. Haka nan idan aure ya mutu aka zo maganar mayar da kaya, ko aka ba da sarƙa jingina aka dawo da wadda ake zargin ba ita ba ce. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, nisabin zakkar zinariya kuma miskali 20, wanda malamai da yawa na wannan zamani suke ƙiyasta shi da giram 85. Duk waɗannan hukunce-hukunce ne da suka rataya a kan sikeli mai gaskiya da sanin tsabtar ƙarfe.

ASARA TA ƊAYA GEFEN

Abin mamaki shi ne Nijeriya tana cikin ƙasashen da Allah ya hore wa duwatsu masu daraja. Ana samun shuɗin yaƙutu a ƙasar Jama'a ta Jihar Kaduna, an kuma sami wani mai haske da kyau a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, wanda ya ja hankalin kasuwar duniya a wajen 2014. Akwai zumurrudu da danginsa a yankin Gwantu da Nasarawa Eggon, akwai tofaz a tsaunukan Jos. A Jihar Oyo an sami jan turmalin a ƙarshen shekarun 1990, a 2001 kuma aka sami irin shuɗin nan mai sinadarin jan ƙarfe wanda a da sai a Brazil aka san shi, yana kuwa cikin duwatsu mafi tsada a duniya. Galibin waɗannan ɗanyensu ake fitarwa ta kasuwannin Ibadan da Jos zuwa Bankok da Idar-Oberstein, a can ake yanka su, a can ake ba su takardar shaida, a can kuma ribar take zama.

Duwatsun Gwantu sun isa misali. Masana a Turai sun yi ta muhawara a kan ko za a kira su zumurrudu ko kuwa koren beril kawai, domin dutsen iri ɗaya ne, ƙarfin launi da sinadarin da ya jawo shi su ne suke raba sunayen biyu, tsakanin farashinsu kuwa akwai rata mai nisa. Saurayin da ya shiga rami ya haƙo dutsen ba ya cikin wannan muhawara. Ya sayar da araha domin bai san abin da ke hannunsa ba, kamar yadda 'yar uwarsa a Haɗeja ta saya da tsada domin ba ta san abin da aka sa mata a hannu ba.

A nan ne ɗalibai ya kamata su buɗe ido. Cibiyar nazarin haƙar ma'adinai da kimiyyar ƙasa da ke Jos tana koyar da sanin duwatsu da yankansu, akwai kuma sassan ilmin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai ko ta lissafin haske a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke cikin Haɗeja, ya riga ya sami tushen da ake bukata. Ɗan maƙeri da ya yi makaranta ya fi kowa dacewa, tunda ya tashi yana ganin ƙarfe a wuta. 'Yan mata kuwa sun fi maza wata dama, domin za su iya shiga gidajen da dillaliya take shiga, su gwada kaya a gaban mai su.

Kayan aikin farawa ba su fi a jera su a kan tebur ɗaya ba: madubin hannu, da sikeli mai auna ɗigon giram, da na'urar karyewar haske, da dutsen gwaji da ruwansa. Abin da ya fi kayan wuya shi ne tsarin. Mai gwaji kada ya sayi abin da ya gwada, kada kuma a biya shi bisa yawan kimar da ya faɗa, sai dai lada tsayayye a kan kowane abu, domin idan ladansa yana hawa da hawan kima to ya zama dillali. Sashen Awo da Ma'auni na ma'aikatar ciniki ta Tarayya, wanda ma'aikatansa suke duba famfunan gidajen mai, aikinsa ne ya duba sikelin 'yan gwal, inda ɗigon giram ɗaya ya fi litar fetur kuɗi nesa ba kusa ba. Ƙananan hukumomi da masarauta da shugabannin kasuwa su ne za su iya ba da rumfa, su kuma sa kotuna su riƙa neman kima daga wanda ba shi da rabo a cikin kayan.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da mai saye zai iya nema tun yau, watau rasiɗi cikakke. A rubuta nauyin kayan gaba ɗaya, da nauyin duwatsun dabam, da karat, da farashin giram a ranar, da kuɗin ƙira, da sunan dutsen da ko na ƙasa ne ko na masana'anta, da sharaɗin da mai kanti zai karɓi kayan idan aka dawo da su. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ƙi rubuta wannan ba. A ƙasar fadama kuma akwai ƙarin sharaɗi guda: takarda ba ta jure ruwa kamar yadda zinariya take jurewa, saboda haka a ɗauki hoton rasiɗin da na kayan a kan sikeli a ajiye a waya, a kuma bar kwafi a littafin mai kanti ko a hannun ɗan uwa da ke zaune a kan tudu.